Daga Edinbara Zuwa Landan: Bin Sawun Sarakuna Da Malaman Coci Na Ƙarni Na 17

Mai son ya fahimci yadda mulkin Birtaniya ya fita daga hannun sarki ya koma hannun majalisa, har ya zama sarki ba ya sa haraji kuma ba ya kafa doka shi kaɗai, sai ya nemi labarin mutanen da suka yi zamani tsakanin 1603 da 1689. Saboda haka da na sami damar zuwa ƙasar, sai na tsara tafiyata bisa wuraren da waɗannan mutane suka zauna, suka yi wa'azi, suka tsaya gaban shari'a, ko aka binne su. Na faro daga arewa, daga Edinbara babban birnin Sukotlan, domin gidan sarautar Stuart daga can ya fito, kuma wutar da ta cinye shi a can ta fara kamawa.

A cikin fadar da ke kan dutse a tsakiyar Edinbara akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki wanda mutum biyar ma sai sun matsu kafin su tsaya a ciki. A nan Sarauniya Mary ta haifi James a watan Yuni na 1566. An naɗa shi sarkin Sukotlan yana da wata 13 a duniya, sannan da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta rasu a 1603 ba ta bar ɗa ba, sai ya gaji sarautar Ingila ya haɗa da tasa, ya koma Landan, bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba sai sau ɗaya, a 1617. James mutum ne mai karatu da son muhawara, kuma shi ya ba da umarnin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi wadda ta fito a 1611 kuma har yau take ɗauke da sunansa. Amma aƙidarsa ita ce Allah ne ya naɗa sarki, don haka babu mai tuhumarsa sai Allah, kuma a taron Hampton Court na 1604 ya faɗa wa malaman da ke neman sauyi a coci cewa in babu bishop, babu sarki. Shi ya iya sassauta wannan aƙida idan ya ga iska ta juya. Ɗansa Charles na Ɗaya, wanda ya hau gado a 1625, ya gaji aƙidar amma bai gaji sassaucin ba.

Na gangaro babban titin tsohon birnin zuwa majami'ar St Giles, inda a ranar 23 ga Yuli 1637 aka fara karanta sabon littafin addu'a da Charles da babban bishop ɗinsa William Laud suka ɗora wa mutanen Sukotlan ba tare da shawarar majalisar cocinsu ba. Jama'a suka yi bore nan take a cikin ɗakin ibada, kuma labarin da ake bayarwa shi ne wata mata mai suna Jenny Geddes ta jefi limamin da kujerar da take zaune a kai. An ajiye siffar kujera ta tagulla a wurin don tunawa da ita. Abin da ya fi tsayar da ni a cikin majami'ar shi ne abin tunawa guda biyu, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, na mutum biyu da suka yi gaba har mutuwa. Montrose ya sa hannu a alkawarin adawa da sauye-sauyen sarki, daga baya ya koma ya yi wa sarki yaƙi, aka rataye shi a 1650. Argyll, wanda ɓangarensa ne ya rataye Montrose, shi ya ɗora wa Charles na Biyu, ɗan Charles na Ɗaya, kambi a Scone a 1651, amma bayan shekara 10 wannan sarkin ya sa aka sare kansa, aka soke shi a kan tsinken ƙarfen da kan Montrose ya daɗe a kai. Yanzu rufi ɗaya ya lulluɓe sunayensu, masu ziyara suna wucewa daga wannan zuwa wancan.

Ba nisa daga nan cocin Greyfriars take, inda a ranar 28 ga Fabrairu 1638 manyan Sukotlan suka fara sa hannu a takardar Alkawarin Ƙasa, wadda malami Alexander Henderson da lauya Archibald Johnston suka tsara, suna rantsuwa za su kare addininsu daga duk wani ƙari da aka shigo da shi. Wannan takarda ita ta kai ga yaƙi, yaƙin ya cinye kuɗin sarki, rashin kuɗi kuma ya tilasta masa kiran majalisar Ingila a 1640 bayan shekara 11 yana mulki ba tare da ita ba. A ƙarshen maƙabartar cocin akwai wani lungu mai ƙofar ƙarfe, ɓangaren filin da aka tsare mutum wajen 1200 daga cikin magadan wannan alkawari a 1679, bayan an ci su da yaƙi a gadar Bothwell. Sanyin da na ji ina tsaye a bakin ƙofar, da rigar sanyi a jikina, ya isa ya nuna mini abin da watanni a wannan fili suke nufi ga wanda ba shi da rufin kirki.

Jirgin ƙasa daga Edinbara zuwa Landan yana bin gaɓar teku ta gabas, ya ratsa Newcastle, inda sojojin Sukotlan suka tsare Charles kafin su miƙa shi ga majalisar Ingila a farkon 1647, sannan ya wuce York, kusa da filin Marston Moor da rundunar sarki ta sha kashi a 1644. Ban daɗe a Landan ba na zarce Oksfod, domin ina so in san Laud kafin in je inda aka yanke wa ubangidansa hukunci.

Laud ɗan mai sana'ar tufafi ne daga garin Reading, ilimi ne ya ɗaga shi har ya shugabanci kwalejin St John, ya zama shugaban jami'ar Oksfod a 1630, sannan babban bishop na Canterbury a 1633. Farfajiyar da ya gina a kwalejin tana nan da kyaunta, da mutum-mutumin tagulla na Charles ta wannan ɓangare da na matarsa Henrietta Maria ta wancan. Ya bai wa ɗakin karatu na Bodleian rubutattun littattafan hannu fiye da 1000, da yawa daga cikinsu na Larabci, kuma a 1636 ya kafa kujerar farfesan Larabci a jami'ar, ya ɗora Edward Pococke a kai, mutumin da ya yi shekaru a birnin Halab na ƙasar Sham yana koyon harshen a wurin masu shi yana sayen littattafai. Har umarni Laud ya samo daga sarki cewa kowane jirgin kamfanin da ke fatauci da ƙasashen daular Usmaniyya ya dawo da littafin Larabci ko na Farisanci guda ɗaya. Duk wanda ya tashi a gidan da ake girmama littafi zai ji wani abu game da mutumin da ya yi wannan hidima, kuma ni ma na ji.

Sai dai wannan Laud ɗin shi ne ya ɗauki bambancin ra'ayi a kan tsarin ibada a matsayin laifin da hukuma za ta hukunta da wuƙa. Ya dage kowace coci ta mayar da teburin ibada bangon gabas a kewaye shi da shinge, kowane limami ya sa tufafin da aka tsara, wanda ya ƙi kuma a raba shi da aikinsa. A 1637 kotun sarki ta sa aka yanke kunnuwan mutum uku a bainar jama'a saboda rubuce-rubucensu na sukar bishop-bishop: lauya William Prynne, malami Henry Burton da likita John Bastwick. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, domin da majalisa ta kama Laud, Prynne ne aka ba aikin binciken takardunsa da haɗa hujjoji a kansa. Da aka ga hujjojin ba su kai su tabbatar da cin amanar ƙasa ba, sai majalisa ta zartar da doka ta musamman don a kashe shi, aka sare kansa a tudun Hasumiyar Landan ranar 10 ga Janairu 1645, yana da shekara 71. An dawo da ƙasusuwansa ɗakin ibadar kwalejinsa a 1663. A ganina ya yi zalunci lokacin da yake da iko, kuma an zalunce shi lokacin da ya rasa ikon, ɗayan kuwa bai goge ɗayan ba.

Oksfod ita ce ta zama hedikwatar sarki a lokacin yaƙin basasa, daga 1642 zuwa 1646. Charles ya zauna a kwalejin Christ Church, sarauniya a kwalejin Merton, kwalejoji kuma suka ba da kwanukansu na azurfa aka narkar aka buga kuɗin biyan soja.

A Landan na shiga ginin majalisa tare da ayarin masu ziyara. Zauren St Stephen, wanda yanzu hanyar wucewa ce mai jere da gumaka, yana tsaye ne a daidai wurin da tsohon zauren majalisar wakilai yake kafin gobarar 1834. A nan ne ranar 4 ga Janairu 1642 Charles ya shigo da kansa, da mutane ɗauke da makamai a bayansa, don ya kama 'yan majalisa biyar: John Pym, John Hampden, Denzil Holles, Arthur Haselrig da William Strode. An riga an tsegunta musu, sun sulale ta kogi. Da sarki ya tambayi kakakin majalisa William Lenthall ina suke, sai Lenthall ya durƙusa ya amsa cikin ladabi cewa a wannan wuri ba shi da idon gani ko harshen magana sai yadda majalisa ta umarce shi, domin shi bawanta ne. Lenthall ba jarumi ba ne a sauran rayuwarsa, ya bi kowace gwamnati da ta zo, amma a wannan rana ya faɗi maganar da ta raba aikin majalisa da na fada. Shi ya sa har yanzu idan sarki ya zo buɗe majalisa, ana rufe ƙofar zauren wakilai a fuskar manzonsa, sai ya ƙwanƙwasa sau uku kafin a buɗe masa.

Daga cikin gumakan zauren na daɗe a gaban na Hampden. Attajiri ne daga Buckinghamshire wanda ya ƙi biyan sule 20 na harajin jiragen ruwa, saboda sarki ya ɗora shi ba da yardar majalisa ba. Alƙalai 12 suka saurari ƙarar, 7 suka goyi bayan sarki, 5 suka goyi bayansa, kuma wannan ƙaramar tazara ta nuna wa ƙasa duka cewa ko cikin alƙalan sarki akwai masu shakka. Ya mutu a 1643 sakamakon raunin da ya samu a fagen Chalgrove. A zauren nan kuma akwai gunkin Falkland, mutumin kirki da ya bi sarki yana baƙin cikin yaƙin, wanda shi ma ya faɗi a fagen fama a wannan shekara.

Babban zauren Westminster, wanda aka fara ginawa a 1097, yana da rufin katako mai faɗi ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba, kuma an kafa ƙananan allunan tagulla a ƙasa masu nuna abin da ya faru a kowane wuri. Ɗaya daga cikinsu na shari'ar Charles ne, wadda aka fara ranar 20 ga Janairu 1649 a ƙarƙashin alƙali John Bradshaw. Dole a faɗi gaskiya game da wannan kotu. Makonni kaɗan kafin nan sojoji sun tsaya a ƙofar majalisa sun hana duk ɗan majalisar da ke son sulhu da sarki shiga, majalisar dattawa ta ƙi amincewa da shari'ar, babban kwamandan soja Thomas Fairfax kuma ya ƙi zama a cikinta. Charles, wanda yake da in'ina tun yana yaro, ya yi magana a nan ba tare da harshensa ya sarƙe ba, ya ƙi amsa tuhuma, yana tambaya da wane iko na halal aka kawo shi. Ta fuskar doka tambayarsa tana da ƙarfi. Amma masu tuhumarsa su ma suna da tasu hujjar, domin bayan an ci shi da yaƙi a Naseby a 1645 ya riƙa tattaunawa da kowane ɓangare yana ƙulla wata yarjejeniyar a ɓoye, har ya jawo yaƙi na biyu a 1648, aka sake zubar da jinin dubban mutane. Mutum 59 suka sa hannu a takardar kisa.

Tafiyar 'yan mintoci ce daga nan zuwa Gidan Liyafa na Whitehall, wanda Inigo Jones ya zana aka gama a 1622, kuma shi ne babban ginin da ya tsira daga gobarar da ta cinye fadar a 1698. A rufin zaurensa akwai zanen Rubens, wanda Charles da kansa ya biya aka yi, yana nuna mahaifinsa James ana ɗaga shi zuwa sama cikin ɗaukaka. Ta ƙarƙashin wannan zane aka bi da shi ranar 30 ga Janairu 1649 zuwa dandamalin da aka kafa a waje. Ya sa riga biyu don kada sanyi ya sa shi rawar jiki mutane su ce tsoro ne, kuma Bishop William Juxon ne ya tsaya tare da shi har ƙarshe. A jawabinsa ya ce yana son 'yancin jama'a kamar kowa, amma 'yancinsu shi ne a mulke su da dokokin da za su kare rai da dukiya, ba su sami rabo a cikin mulki ba, domin talaka daban, sarki daban. Ya mutu a kan abin da ya yi imani da shi, da natsuwar da ta sa har maƙiyansa suka girmama shi, kuma wannan mutuwa ta yi wa sarauta amfanin da mulkinsa na shekara 24 bai yi mata ba.

Oliver Cromwell, jagoran sojan majalisa wanda ya mulki ƙasar bayan kisan sarki, na bi shi zuwa ƙasarsa ta gabas, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai fadama wadda hasumiyar cocin Ely take bayyana a cikinta tun daga nesa. Gidan da ya zauna daga 1636 yana nan kusa da cocin, farin gida mai ginshiƙan katako baƙaƙe, kuma yanzu a cikinsa ofishin yi wa baƙi jagora yake. Har ya haura shekara 40 bai taɓa jan runduna ba, amma shi ya gina sojan doki mafi horo a ƙasar, yana ɗaga mutum saboda ƙwazonsa da imaninsa ko da ba ɗan gidan sarauta ba ne. A zamaninsa ƙungiyoyin Furotesta dabam-dabam sun sami sararin ibada, Yahudawa kuma suka koma zama a Ingila a fili a 1656 bayan korar da aka yi musu tun 1290, sannan da aka miƙa masa kambi a 1657 ya ƙi karɓa. Amma a Drogheda ta ƙasar Ailan, a watan Satumba na 1649, sojojinsa sun kashe mutum kusan 3000, har da limaman Katolika da fararen hula, shi kuma ya rubuta wa majalisa cewa hukuncin Allah ne na adalci. A watan Afrilu na 1653 kuma ya shiga majalisa da sojoji ya kore ta, abin da ya wuce wanda Charles ya yi a 1642. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ya rasu ranar 3 ga Satumba 1658 aka binne shi cikin sarakuna a majami'ar Westminster. Da Charles na Biyu ya dawo gadon mahaifinsa a 1660, sai aka tono gawarsa tare da ta surukinsa Henry Ireton da ta Bradshaw, aka rataye su a Tyburn ranar 30 ga Janairu 1661, aka kafa kansa a kan rufin zauren Westminster. Ƙoƙon kan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har 1960, lokacin da aka binne shi a kwalejin Sidney Sussex ta Kambirij, inda ya yi karatu. Allon da ke bakin ɗakin ibadar kwalejin cewa kawai ya yi an binne shi kusa da wannan wuri, ba a nuna ainihin gurbin ba don gudun masu tonowa.

Cikin duk mutanen da na bi sawunsu, wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne William Sancroft, babban bishop na Canterbury a zamanin James na Biyu, ƙanen Charles na Biyu kuma magajinsa. James ɗan Katolika ne, kuma a 1688 ya umarci a karanta sanarwarsa ta dakatar da dokokin addini a kowace coci, bisa ikonsa shi kaɗai. Sancroft da bishop shida suka rubuta masa takardar koke cewa majalisa ta sha bayyana irin wannan iko a matsayin haramtacce. Aka tsare su a Hasumiyar Landan, aka gurfanar da su a zauren Westminster, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su ranar 30 ga Yuni, gari ya ɗauki murna. Bayan watanni kaɗan William na Orange ya sauka da rundunarsa daga Holan, James ya gudu Faransa, majalisa ta ba William da matarsa Mary, 'yar James, sarauta bisa sharuɗɗan Dokar 'Yanci ta 1689. Sai Sancroft ya ƙi yi wa sabon sarki mubaya'a, yana cewa rantsuwar da ya yi wa James tana nan muddin James yana raye. Aka tuɓe shi, ya bar fadar Lambeth ya koma ƙauyensu Fressingfield a Suffolk, ya rasu a can a 1693. Ya saɓa wa sarki lokacin da sarki yake da ƙarfi, ya riƙe masa amana lokacin da ba shi da komai, kuma bai sa an zubar da jinin kowa ba a duka biyun.

Gunkin James na Biyu yana tsaye a gaban gidan zane-zane na ƙasa a dandalin Trafalgar, cikin tufafin sarakunan Rum, mutane suna wucewa ba mai ɗaga kai. Ni na tsaya, domin wannan mutum yana da alaƙa ta kai tsaye da yankinmu na Afirka ta Yamma. Tun yana ƙanen sarki shi ne gwamnan Kamfanin Sarauta na Afirka, wanda Charles na Biyu ya ba takardar izini a 1672 bayan wani kamfanin da ya gabace shi tun 1660, kuma hedikwatarsa a gaɓar teku ita ce sansanin Cape Coast da ke ƙasar Gana ta yau. Da zinariyar da aka kwaso daga wannan gaɓa aka fara buga kuɗin da ake kira gini a 1663, wasu da hoton giwa a ƙarƙashin kan sarki. Kamfanin ya yi jigilar 'yan Afirka fiye da 100,000 zuwa gonakin rake na Barbados da Jamaika da sauran wurare, kuma cikin masu hannun jarinsa har da John Locke, masanin da ya shahara da rubutu a kan 'yancin ɗan Adam a wancan zamani. Faɗuwar James ta raunana kamfanin, domin ikonsa na cin kasuwa shi kaɗai daga fada ya fito, amma 'yan kasuwar da suka yi ta kai koke majalisa a kansa suna neman ne a ba kowane Bature ɗan Ingila 'yancin shiga cinikin. A 1698 majalisa ta amince, ta buɗe fataucin ga duk wanda zai biya kamfanin kashi 10 cikin 100 don kula da sansanoninsa, kuma cikin shekarun da suka biyo baya jiragen Bristol, daga bisani na Liverpool, suka ninka yawan mutanen da ake kwashewa daga gaɓar Afirka a kowace shekara.